Shekara ɗaya a kan allo: 1804 da koyar da tarihin duniya a lise

Ni ba malamin tarihi ba ne. Faransanci da Hausa nake koyarwa, kusan shekara ashirin ke nan, kuma da ba don wata tambaya da wata yarinya ta yi mini ba, da ban tsoma baki cikin sha'anin da ba nawa ba. Muna karanta wasan kwaikwayon da Aimé Césaire ya wallafa a 1963 a kan Sarki Christophe na Hayiti, ina bayanin yadda bayi suka kori sojojin Faransa daga tsibirinsu, sai ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, lokacin da waɗannan mutane suke wannan yaƙi, mu nan me muke yi?” Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tsaya. Na san shekarar da Hayiti ta samu ƴancinta, na kuma san shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Shekarar ɗaya ce, 1804. Tun ina ɗan makaranta nake riƙe da su biyun a kaina, amma ban taɓa ajiye su gefe da gefe ba, domin ɗaya na koye ta a babin Turai da Amurka, ɗayar kuwa a babin daulolin Afirka, kuma a iya tunawata babu wanda ya taɓa ce mini babukan nan biyu labarin duniya ɗaya suke bayarwa.

Kunyar da na ji ran nan ita ta kai ni wurin abokin aikina mai koyar da tarihi da labarin ƙasa. Muka yi shawara mu haɗa ajinmu na tsawon wasu darussa, mu ɗauki wannan shekara kaɗai mu baje ta. Abin da ya biyo baya shi nake so in gabatar wa ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, saboda ina ganin matsalar ta wuce ajinmu. Yaron da ya kai shekarun ƙarshe na lise ya wuce matakin haddar sunayen sarakuna da ranakun yaƙe-yaƙe. Abin da ake nema daga gare shi a wannan mataki shi ne ya iya kwatanta al'amura, ya bi diddigin sanadinsu, ya kuma tambayi wanda ya ba da labari daga ina ya samo shi. To, yaya zai kwatanta abubuwan da aka ba shi kowanne a kulle cikin akwatinsa?

Abu na farko da muka yi shi ne rubuta shekarar a kan allo, sannan muka tambaye su wa ke kiranta da wannan suna. A birnin Pari, takardun hukuma ba su san 1804 ba, domin kalandar jamhuriya da aka ƙirƙiro bayan kifar da sarauta tana nan tana aiki, kuma a lissafinta ana cikin shekara ta 12, aka shiga ta 13 da kaka. Sai ranar 1 ga Janairun 1806 aka soke ta. A Gobir kuwa, malamai na cikin shekara ta 1218 bayan Hijira, suka shiga 1219 a watan Afrilu. Mutanen Hayiti su kuma suka sa wa takardunsu shekara ta farko ta ƴancin kai. Yara sun yi dariya da farko, daga baya wani ya lura cewa biyu daga cikin ukun nan sun sake lissafin zamani daga sifiri ne domin suna ganin duniya ta sabunta a hannunsu, alhali mutanen Shehu ba su sake komai ba, don su a ganinsu komawa suke yi ga wani asali da aka bari. Wannan magana ta yaro ta fi mini rabin abin da na shirya.

Sai muka shiga labarin Hayiti, wanda shi ne yaranmu suka fi jahilta. Kafin juyin juya halin Faransa na 1789, yankin yamma na wannan tsibiri, da ake kira Saint-Domingue, shi ne mafi arziki cikin duk ƙasashen da Turawa suka mallaka a wancan yanki. Gandayen rake da na kofi ne birjik, bayi wajen rabin miliyan ke noma su, da yawansu a Afirka aka haife su, a kansu kuma akwai Turawa da ba su wuce dubu 40 ba, da ƴantattu da barbarar yanyawa kimanin dubu 30. Cikin watan Agustan 1791 bayin arewacin ƙasar suka tashi suka cinna wa gandaye wuta. Ba su jira wani ya ba su ƴanci ba. Da majalisar Faransa ta soke bauta ranar 4 ga Fabrairun 1794, abin da ya riga ya tabbata da bakin adda ta amince da shi, tana kuma neman baƙaƙen mayaƙa su taimake ta a kan Ingila da Sifen. Toussaint Louverture, wanda shi kansa cikin bauta aka haife shi, ya zama mai riƙe da ƙasar. Da Napoliyon Bonapat ya kama mulki, sai ya aika da mijin ƙanwarsa, Janar Leclerc, da soja sama da dubu 20 a farkon 1802. Aka kama Toussaint ta hanyar yaudara, aka kai shi kurkukun Joux cikin duwatsu masu sanyi na gabashin Faransa, inda ya mutu ranar 7 ga Afrilun 1803. Amma labarin mayar da bauta a tsibirin Gwadalup ya iso, mutane suka gane abin da ke jiransu, yaƙi ya sake ɓarkewa fiye da da. Ciwon shawara ya yi wa sojojin Faransa kisan kiyashi, har da Leclerc kansa. Ranar 18 ga Nuwamban 1803 aka yi karon ƙarshe a Vertières, kuma ranar 1 ga Janairun 1804 Jean-Jacques Dessalines ya shelanta ƴancin ƙasar a garin Gonaïves, ya mayar mata da tsohon sunan da mutanen farko na tsibirin suke kiransa da shi.

Na Faransa ba mu daɗe a kansa ba, tun da littattafan yara cike suke da shi. Mun tuna musu kawai cewa a watan Maris na 1804 aka fito da kundin dokokin zaman jama'a wanda inuwarsa ta kai har kotunan ƙasashen da Faransa ta mulka daga baya, cewa a watan Mayu aka ba Napoliyon sarautar daula, kuma ranar 2 ga Disamba ya ɗora wa kansa kambi a cocin Notre-Dame a gaban Fafaroma. Jamhuriyar da ta sare kan sarki a 1793 ta ƙare da sarkin da ya fi na da ƙarfi. Dessalines ma, in za a faɗi gaskiya, ya riga shi: tun watan Oktoba aka naɗa shi sarkin daular Hayiti, shekara biyu bayan haka kuma mutanensa suka kashe shi.

Da muka iso Gobir sai ajin ya canza. Yara suka gyara zama, domin sunayen garuruwan nasu ne. An haifi Shehu Usmanu a 1754 a Maratta, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yau, kuma ɗaya daga cikin manyan malamansa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a Agadas ya same shi. Wato wannan tarihi da wasu yaranmu ke ɗauka na Nijeriya ne kaɗai, saiwarsa tana wannan gefen iyaka. Shekaru kusan talatin Shehu ya yi yana wa'azi da Fulatanci da Hausa a Gobir da Zamfara da Kabi kafin a zare takobi. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi masa sassauci, ya bar shi ya yi kira ga jama'a. Nafata kuwa ya ga jama'ar tana neman zama daula a cikin daula, sai ya hana sa rawani da lulluɓi, ya kuma hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi. A zamanin Yunfa abin ya kai intaha. Dakarun Gobir suka faɗa wa Gimbana, garin wani almajirin Shehu mai suna Abdussalami, suka kwaso mutane a ɗaure, da suka biyo ta kusa da Degel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Bayan wannan babu sauran zama. A watan Fabrairun 1804, Zulƙida ta 1218, aka yi hijira zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, inda ƴan baka ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka karya baraden Yunfa. Ba a samu nasara cikin sauƙi ba: ƙarshen wannan shekara jama'ar ta sha mummunan kashi a Tsuntsuwa, ta sake sha a Alwasa a 1805, yunwa da ciwo kuma suka ci mutane da yawa. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Kafin nan Katsina da Kano sun riga sun shiga hannun masu tuta, a 1809 kuma Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato.

A nan ne malami zai yi hattara. Da zarar an jera abubuwa uku cikin shekara ɗaya, zuciyar yaro takan yi tsalle ta ce ai ɗaya ne ya haifi ɗaya. Wani ya rubuta mana cewa Shehu ya ji labarin juyin Faransa ne shi ya sa ya tashi. Wannan ba shi da tushe. Littattafan Shehu da na ƙaninsa da na ɗansa suna nan da yawa, kuma madogararsu Alƙur'ani ne da hadisi da malaman mazhabar Malikiyya irin su al-Maghili, wanda ya zo Kano da Katsina tun ƙarshen ƙarni na 15. Magabatansu a wannan aiki su ne malaman Futa Jalon da Futa Toro da suka kafa daulolinsu a ƙarni na 18. Faɗuwar abubuwa a lokaci guda ba hujja ba ce ta cewa sanadinsu ɗaya, kuma in yaro ya fita daga lise da wannan fahimta kaɗai, ba a yi asarar alli ba.

Sai dai akwai zaren da ya haɗa su da gaske, kuma nemo shi ne ya fi komai daɗi a cikin aikin. Wani siriri ne ƙwarai: Malam Jibrilu, a tafiyarsa ta hajji, ya zauna a Alƙahira wurin babban malamin nan Murtada al-Zabidi, wanda kuma shi ne malamin al-Jabarti, marubucin da ya ga shigowar Napoliyon Masar a 1798 da idonsa ya rubuta labarinta. Wannan bai nuna komai ba sai cewa Gobir ba a bayan duniya take ba, malamanta suna cikin hanyar ilimi ɗaya da Masar da Hijaz. Zaren da ya fi kauri yana Birazil. Yaƙe-yaƙen jihadi sun haifar da kamammu masu yawa daga kowane ɓangare, aka riƙa gangarawa da wasunsu ta Nufe da ƙasar Yarbawa zuwa bakin teku, a sayar da su a tashoshi irin su Ikko da Badagiri da Porto-Novo, sau da yawa a musanya su da tabar Bahiya. Shekara uku kacal bayan Tabkin Kwatto, a 1807, hukumomin birnin Salvador suka gano wani shirin tawaye na bayi Hausawa. Aka sake tashi a 1809, aka sake a 1814, kuma takardun shari'ar wannan karo suna kiran jagoran da laƙabin “malomi”, kalmar da duk Bahaushe zai gane daga ina ta fito. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi da ƴantattu Musulmi, yawancinsu Yarbawa, suka yi babban boren da ake kira na Malê, aka samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. A wannan ƙasa dai, tun 1805, an ga baƙaƙen sojoji a Rio de Janeiro suna rataye da lamba mai hoton Dessalines, kuma masu gandaye sun yi shekaru suna kwana da fargabar kada abin da ya faru a Hayiti ya same su. Ashe wurin da Gobir da Hayiti suka haɗu shi ne cikin tsoron mai bayi na Birazil. Ga malamin Faransanci kuma akwai wata garaɓasa: ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawan can ya tambaye su garuruwansu da yadda aka kama su, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Rubutu ne da ɗan ajin ƙarshe zai iya karantawa, ya ga sunan Kano da Katsina da Zazzau sun fito daga bakin mutanen da teku ta raba da gida.

Akwai kuma wani sakamako da yara ba su zata ba. Da Napoliyon ya ga Saint-Domingue ta kuɓuce masa, sai Luwiziyana ta zame masa kaya, ya sayar wa Amurka da ita a 1803 kan dala miliyan 15. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, Nijar kuwa miliyan 1 da dubu 267 ce. Amurka ta ninka girmanta a dare ɗaya, kuma wani sashe na wannan sabuwar ƙasa ya zama gonakin auduga da rake da bayi ke nomawa. Nasarar bayi a tsibiri ɗaya ta buɗe wa bauta fili a wani wuri. Ita Hayiti kuwa, sai a 1825 Faransa ta amince da ita, bisa sharaɗin ta biya diyyar faran miliyan 150 ga tsofaffin masu gandaye, aka rage zuwa miliyan 90 a 1838. Amurka ba ta amince da ita ba sai a 1862.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko jihadin Sakkwato yana da gurbi cikin abin da Eric Hobsbawm ya kira zamanin juyin juya hali a littafinsa na 1962, wanda ya gina a kan Faransa da Ingila, ya taɓa Hayiti a gurguje, ya bar Afirka ta Yamma a waje. Paul Lovejoy ya fito da littafi a 2016 yana cewa lalle yana da gurbi. Ni dai, a matsayina na mai koyarwa, na karɓi rabin maganarsa. Na yarda cewa duk tarihin wannan zamani da ya manta da daular da ta zama mafi girma a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 gurgu ne. Abin da nake tsoro shi ne mu koya wa yara cewa darajar Shehu ba ta tabbata sai an same shi da kama da Robespierre. Mun gwada wani aiki da ya nuna iyakar kwatancin. Muka ba su jerin haraji da zaluncin da littafin Kitab al-Farq, wanda ake jingina wa Shehu, ya zargi sarakunan Hausa da su, inda kalmomin Hausa irin su jangali da gaisuwa da kuɗin gari suke zaune a tsakiyar Larabci. Muka ba su kuma abin da talakawan Faransa suka rubuta cikin takardun koke-kokensu na 1789 a kan harajin gishiri da aikin tilas. Kukan ya yi kama matuƙa. Maganin da kowane ɓangare ya nema ne ya bambanta: waɗancan suka ce mulki na al'umma ne, waɗannan suka ce mulki amana ce da shari'ar Allah ta yi wa iyaka.

Darasin da ya fi wuya shi ne na bauta. Yaro yana son gwarzo marar tabo, kuma shekarar 1804 ba ta da shi. Faransar da ta shelanta haƙƙin ɗan Adam ita ce ta mayar da bauta a 1802, ba ta kuma soke ta ba sai a 1848. Dessalines da ya ƴantar da ƙasarsa shi ne ya ba da umarnin kashe Faransawan da suka rage a farkon 1804, mutum dubu 3 zuwa dubu 5, har da mata da yara. Jama'ar Shehu kuwa, da kwance ɗaurarrun Gimbana suka fara, kuma bautar da Musulmi ɗa yana cikin manyan laifuffukan da suka ɗora wa sarakuna, amma ba su soke bauta ba. Daular da suka kafa ta cika da rinji da gandaye, har masana suna ƙiyasta bayinta a ƙarshen ƙarni na 19 da miliyan 1 zuwa sama da miliyan 2. Na ga fuskoki sun ɓaci da muka faɗi wannan, kuma na san dalili. A ƙasarmu sai a 2003 doka ta mayar da bauta babban laifi, kuma a kowane aji akwai yaran da ake raɗa asalin kakanninsu. Abokin aikina ya so mu tsallake. Na ƙi, amma na yarda da sharaɗinsa cewa ba za a ambaci gidan kowa ba.

Wata wahalar kuma ta musamman ce ga wanda ke koyarwa a wannan yanki. Galibin littattafai suna ba da labarin jihadi ne daga Sakkwato, mu kuwa muna zaune a ƙasar waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Da Katsina ta faɗi, gidan sarautarta ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar garin. Gobirawa suka yi ta faɗa har aka karya su tare da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda suka kwanta dama, daga nan Mayaƙi ya kafa Tibiri. A cikin aji ɗaya za ka samu wanda a gidansu Yunfa azzalumi ne, da wanda a gidansu Yunfa kaka ne. In malami ya yi sakaci, sai darasin ya koma Fulani da Haɓe, alhali abin ya fi haka sarƙaƙiya. Abdussalami na Gimbana, wanda a kansa wutar ta tashi, ba Bafulatani ba ne, kuma shi ne ya yi wa Bello tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817, aka kashe shi a shekara mai bi. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya taɓa barin rundunar cikin ɓacin rai saboda son duniya da ya gani ya shigi mutane. Mafi amfani gare mu su ne wasiƙun da Shehu al-Kanemi na Barno ya yi musaya da Bello, waɗanda Bello ya adana cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Malami ne Musulmi yake tambayar malamai Musulmi da wace hujja suke yaƙar ƙasar da ta yi ƙarnuka cikin Musulunci, su kuma suna ba shi amsa. Yara suka ga cewa gardamar da suke yi a aji an riga an yi ta tun a wancan lokaci, da ilimi da ladabi. Muka kuma nuna musu cewa ɓangaren da ya ci nasara shi ya bar rubutu mai yawa, na Gobir da Maraɗi kuwa yawancinsa yana bakin makaɗan fada da masu kirari da dattawa, kuma wannan ba ya sa ɗaya ya zama gaskiya ɗaya ya zama tatsuniya. Kowanne sai an tambaye shi wa ya faɗa, a gaban wa, don me. Ayyukan Farfesa Djibo Hamani a kan Adar da Ayar misali ne na yadda ake auna su biyun tare.

Na ƙara musu da wani abu da ya sa ajin ya yi tsit. A yarjejeniyar 1890, Ingila ta nemi duk ƙasar da ke ƙarƙashin Sakkwato, aka kuma yi ta gyaran layin a 1898 da 1904 da 1906, Faransa tana neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Iyakar da ta fito ta bi kusa da tsohuwar iyakar da ke tsakanin daular da masu yi mata turjiya. Ke nan ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ɗan Maraɗi yake karatu da Faransanci, ɗan uwansa na Katsina kuma da Ingilishi, yana komawa ga abin da aka fara a Gudu.

Nawa fannin, wato harshe, shi ma ya shigo. Da Faransanci kalma ɗaya ce take ɗauke da 1789 da 1791, yaro ya haddace ta ya wuce. Da muka ce su faɗi abin da Hausa sai gardama ta kaure. Wasu suka ce juyin mulki, wasu suka ce a'a, juyin mulki shi ne abin da Bonapat ya yi ranar 9 ga Nuwamban 1799, kuma ɗan Nijar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Juyin juya hali ya fi dacewa da Faransa, tun da har lissafin kwanaki suka sake. Na Hayiti fa? Mai gandu zai ce bore ne ko tawaye, bawa zai ce ƙwatar ƴanci. Na Gobir kuwa, wanda ya ce jihadi ya riga ya tsaya a wani gefe, wanda ya ce tawaye ya tsaya a ɗayan, su kuma masu abin tajdidi suke nufi, wato sabunta addini. Na lura cewa yaran da ba su taɓa buɗe baki ba in ana Faransanci, su ne suka fi zafi a wannan muhawara. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, aikin tace irin waɗannan kalmomi ya hau kan ƙungiyoyinmu, domin in ba mu yi shi da natsuwa ba, za a yi mana shi cikin gaggawa.

Ba zan ɓoye cewa wannan hanya tana da tsada ba. Ajinmu ya haura mutum 70, taswirar duniya guda ɗaya muke da ita, kuma sai da muka zana tekun Atlantika da alli don a ga Bahiya da Ikko suna fuskantar juna. Darussan da muka kashe a kan shekara ɗaya an cire su ne daga wani babi da jarrabawar bak za ta iya tambaya, kuma wasu iyaye sun yi ƙorafi, da gaskiyarsu. Ba kowace shekara ce kuma take da albarkar 1804 ba, ko da yake abokin aikina yana ganin 1916 za ta yi, in aka haɗa yaƙin Verdun da tashin Kawusan a Ayar da na Firhun a yamma.

Aikin da muka ba su a ƙarshe shi ne su ɗauki ziyarar da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya kai wa Sarkin Musulmi Bello a 1824, da komowarsa a 1826, su rubuta abin da kowannensu ya sani game da duniyar ɗayan. Clapperton ya zo neman hanyar ciniki da bakin kogin Kwara da alkawarin hana sayar da bayi zuwa teku. Ya tarar da sarkin da ke tambayarsa game da rarrabuwar mazhabobin Kirista na da, wanda ya san littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, kuma a fadarsa ana maganar yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki. Yarinyar da ta fara yi mini tambaya ta cika shafi huɗu. A gefen shafi na uku ta rubuta da jan biro cewa tana son a gaya mata ko akwai wanda ya taɓa bin sawun Hausawan Bahiya da suka komo gida bayan 1835, da garuruwan da suka sauka. Na ba ta sunan João José Reis, masanin Birazil da ya fi kowa aiki a kan wannan bore, na kuma aika wa wani tsohon ɗalibina da ke jami'a a Yamai ya duba mana ko ɗakin karatunsu yana da littafin.